Wasa, Gasa da Biki: Bayani Game da Waɗansu Sunayen Ingilishi Masu Kama da Juna

Daga cikin wahalolin da ɗalibi Bahaushe ya ke gamuwa da su wajen koyon Ingilishi akwai wata wadda ba a cika ambatonta ba, alhali kuwa ta fi waɗansu da a ke yawan kuka da su naci. Ita ce ta sunayen nan da Turawa ke kiran wasanni da taruka da su, watau irin su *game*, *match*, *competition*, *contest*, *tournament*, *championship* da *race* a gefe guda, da kuma *event*, *occasion*, *ceremony*, *celebration* da *festival* a ɗaya gefen. Ɗalibi ya kan buɗe ƙamus ya tarar an ba shi "wasa" ko "gasa" a nan, an ba shi "biki" a can, ya rufe littafi yana tsammanin ya gama. Ran da ya zauna rubutu sai ya ɗauko wadda ta fara faɗo masa a rai, domin a ganinsa duk ɗaya ne. In ɗalibin nan na kwalejin horon malamai ne, to, kuskuren ba a kansa zai tsaya ba. Zai ɗauke shi zuwa aji ya raba wa yara kowace shekara, su kuma su girma da shi.

Laifin ba na masu ƙamus ba ne. Ƙamus mai harshe biyu, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990, aikinsa shi ne ya ba da kalma mafi kusa, kuma ko ya yi ƙoƙarin rarrabewa fili ba ya isarsa. Ba kuwa Hausa ce ta rasa kalmomi ba. Tana da wasa, gasa, karawa, takara, tsere, sukuwa da musabaƙa. Tana da biki, shagali, sha'ani, walima, taro da hawa. Abin da ya kawo rikicin shi ne inda Hausa ta kafa iyakokinta ba nan Ingilishi ya kafa nasa ba. Kowace ɗaya daga kalmomin Ingilishin nan amsa ce ga wata tambaya dabam: mutum nawa ne suka shiga, sun haɗu ido da ido ko ba su haɗu ba, sau nawa aka kara, me ke raba gardama, me aka ci. Malamin da ya san tambayar ba ya bukatar ya sa yara haddar fassara.

Ya kamata a fara da *game* da *match*, domin su ne yaro ke fara ji. Asalin *game* a tsohon Ingilishi kalma ce mai nufin nishaɗi da raha, har yau kuwa ba ta rabu da wannan ba. Ita ce sunan irin wasan kansa tare da ƙa'idodinsa: ƙwallon ƙafa *game* ne, dara *game* ce, haka langa. Mutum ɗaya ma yana iya yin *game* shi kaɗai da karta. *Match* kuwa daga wata kalma ta fito mai nufin abokin zama ko tsara, watau wanda ya yi daidai da wani. Ana ganin wannan ma'ana a fili cikin zancen nan nasu *he has met his match*, wanda Bahaushe zai ce ya gamu da gamonsa. Saboda haka *match* ba ta samuwa sai da ɓangare biyu, waɗanda aka shirya tun da wuri za su kara, a kuma san wanda ya fi. Yara goma da suka fito bayan la'asar suna buga tamaula a ƙofar gida *game* su ke yi. Ran da makarantarsu ta aika wa wata makaranta takarda aka sa rana, to, ya zama *match*. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce "karawa", ba "wasa" ba. *Match* ɗin ashana kuwa kalma ce dabam wadda ta shigo daga Faransanci da ma'anar lagwani. Haɗuwar rubutu ce kawai.

Akwai wurare biyu da wannan bayani ke bukatar gyara. Na farko, Amurkawa suna cewa *game* a inda mutanen Ingila za su ce *match*, musamman a ƙwallon kwando da irin ƙwallon ƙafarsu, har Ingilawan kansu ma su kan ce *game* a hira. Malami bai kamata ya soke wa ɗalibi ita ba. Na biyu, a wasan tanis *game* ƙaramin yanki ne na *match*: wanda ya sami maki huɗu da ratar biyu ya ci *game*, wanda ya ci *game* shida da ratar biyu ya ci *set*, wanda ya ci *set* biyu cikin uku, ko uku cikin biyar, shi ya ci *match*. Mai fassarar da ya ji an ce ɗan wasa ya ci *game* ya rubuta cewa ya yi nasara a karawar, mai yiwuwa ne ya ba mai karatu labarin da bai auku ba, domin mutumin yana iya cin *game* goma sha biyar a kuma kore shi. Tsawon lokaci ma ba shi ne ma'auni ba: *Test match* na kurket, wanda aka fara tsakanin Ingila da Ostireliya a 1877, yana kai kwana biyar, duk da haka *match* ɗaya ne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsakanin *competition* da *contest*, domin duka biyu "gasa" a ke fassara su. Tushensu a Latin yana taimakawa. *Competition* daga fi'ilin da ke nufin neman abu tare ta fito, watau mutane da yawa sun sa ido kan abu guda. Ba lalle ne su san juna ba, ba lalle ne su taru wuri ɗaya ba. Misalin da kowane malamin Hausa ya sani shi ne gasar rubutun littattafai da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, wadda ta haifi *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo. Kowane marubuci ya zauna a garinsu ya rubuta nasa, ya aika, alƙalai suka auna. Ba wanda ya tsaya gaban ɗan'uwansa. Wannan *competition* ce tsantsa, ba kuwa mai cewa *match*. Kalmar tana da faɗi har ta rufe sauran duka: kofin duniya *competition* ne, musabaƙar Alƙur'ani *competition* ce, haka gasar zanen da a ke sa wa 'yan firamare. In ɗalibi ya rasa wadda zai ɗauka, ita ce mafi aminci.

Amma tana da wani tarko na nahawu wanda ya fi na ma'ana kama mutane. *Competition* tana zuwa iri biyu. Akwai wadda a ke ƙirgawa, mai ɗaukar *a* da jam'i, ita ce gasar da aka shirya mai suna da rana. Akwai kuma wadda ba a ƙirgawa, mai nufin halin rige-rige kansa, irin wanda ke tsakanin 'yan kasuwa ko masu neman aiki. Ɗalibin da ya rubuta *there are many competitions for jobs* ya ce an shirya gasa da dama, ana ba da aiki a matsayin lada. Abin da ya ke nufi shi ne *there is much competition for jobs*, watau masu nema sun fi guraben yawa. Hausa ba ta tilasta wa mai magana ya zaɓa, "gasa" ta ishe shi a duka biyun, shi ya sa kunnensa ba ya jin bambancin. A. S. Hornby ya lura da wannan matsala ga baƙin Ingilishi gaba ɗaya, ya sa alama kan kowane suna a ƙamusunsa da aka fara bugawa a Japan a 1942, don a san mai ƙirguwa da marar ƙirguwa. Alamun nan suna nan har yau a ƙamusan masu koyo, amma ɗalibai da yawa su kan gama makaranta ba wanda ya taɓa nuna musu amfaninsu.

*Contest* kuwa asalinta maganar shari'a ce: fi'ilin Latin ɗin yana nufin kiran shaidu a buɗe ƙara. Ƙamshin jayayya bai bar ta ba. Tana nuna ana ja-in-ja, kowa na neman kayar da wani, kuma yawanci a zama ɗaya a ke yin ta a gaban alƙalai ko jama'a. Don haka ne a ke kiran zaɓe *contest*, a nan kuwa "takara" ta Hausa ta dace da ita sosai. Don haka ne kuma masu damben zamani ke amfani da ita tare da *bout* da *fight*, kamar damben da Hogan Bassey ya yi da Cherif Hamia a Paris a 1957 ya zama zakaran duniya. Sai dai gaskiya ita ce iyakar da ke tsakanin *contest* da *competition* ba katanga ba ce, darni ne mai ƙofofi. Gasar waƙa ta ƙasashen Turai da aka fara a 1956 *Song Contest* a ke kiranta ko da ya ke ƙasashe da yawa ke shiga, Amurkawa kuma su kan ce *essay contest* inda Ingilawa za su ce *essay competition*. Littattafan makaranta da ke shimfiɗa doka mai tsauri a nan suna koyar da abin da masu harshen ba su bi. Abin da ya tabbata shi ne ba a cewa *contest* ga halin rige-rigen kasuwa, ba a kuma kiran 'yan ƙwallo *contestants*. Su *players* ne. Wajen furuci, in suna ce a kan ƙarfafa gaɓar farko, in fi'ili ce gaɓa ta biyu. Bahaushe, wanda ya saba rarrabe kalmomi da hawa da saukar murya, ba ya shan wuya a nan in an nuna masa sau ɗaya.

*Tournament* tambayar da ta ke amsawa ita ce ta tsari. A zamanin da, a Faransa da Ingila, sunan wasan barade ne bisa dawaki, daga fi'ilin da ke nufin juyawa. Yau ma'anarta jerin karawa ne da a ke yi cikin ƙayyadadden lokaci, yawanci a wuri ɗaya ko ƙasa ɗaya, ana zubar da waɗansu har a bar ɗaya. Lissafin ba shi da wuya: in tsarin sili ɗaya ƙwale ne, kowace karawa tana fitar da ɗaya, saboda haka 'yan wasa 128 da ke shiga tanis na maza a Wimbledon karawa 127 za su yi cikin zagaye bakwai. Girma ba sharaɗi ba ne. Gasar cin kofin Afirka ta farko, wadda aka yi a Hartum a 1957, ƙasashe uku ne suka buga ta, Masar da Sudan da Habasha, bayan an fitar da Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata. Karawa biyu kaɗai aka yi, Masar ta ɗauki kofi, amma *tournament* ce. *League* dabam ta ke: kowa zai kara da kowa, a tara maki tsawon kaka guda, ba a korar kowa a tsakiya. Ta Ingila da ƙungiyoyi 12 ta fara a 1888. Ƙungiyoyi 20 in kowace ta kara da kowace sau biyu, karawa 380 ke nan.

*Championship* ba tsari ta ke dubawa ba, abin da aka ci ta ke dubawa, watau matsayin zakara. Shi ya sa a ke riƙe ta, a kare ta, a rasa ta, kamar sarauta. Tana iya zama *tournament* sukutum, tana iya zama dambe ɗaya tak, kamar wanda Dick Tiger ya yi da Gene Fullmer a Badun a 1963 ya kare kambinsa. Mutanen Nijar ba su bukatar dogon bayani a nan, domin takobin da a ke ba zakaran kokawar ƙasarsu shi ne ainihin abin: ana yin kokawa da yawa, amma takobi ɗaya ne, wanda ya riƙe shi bana kuwa sai ya sake fitowa baɗi in yana son ya zauna a hannunsa. *Race* ba ta da rikici sosai. Wanda ya riga isa shi ya ci, ko da ƙafa, ko doki, ko kwalekwale, kuma "tsere" da "sukuwa" sun wadatar. Abin lura kawai shi ne *race* mai nufin jinsin mutane wata kalma ce dabam.

Kalmar da ta haɗa sashen gasa da sashen taruka ita ce *event*. A fagen wasanni ma'anarta ƙarama ce: abu guda cikin jerin abubuwan da aka tsara. A wasannin ƙasashen daular Ingila da aka yi a Vancouver ta Kanada a 1954, taron gaba ɗaya *Games* ne, da jam'i, amma tsallen sama da Emmanuel Ifeajuna ya ci wa Nijeriya lambar zinariya a cikinsa, da tsallen ƙafa 6 da inci 8, *event* ne guda. A waje da fagen wasa kuwa *event* ita ce mafi faɗi duka: duk abin da ya auku wanda ya isa a ambata, ko an shirya shi ko ba a shirya ba. Girgizar ƙasa *event* ce, rasuwar sarki *event* ce, naɗin magajinsa ma haka.

*Occasion* ba abin da ya auku ta ke nunawa ba, lokacin aukuwarsa ta ke nunawa, da kuma yadda mutane suka ɗauki lokacin. Shi ya sa ta ke tafiya da *on* kamar ranaku: *on three occasions* ba ya nufin komi sai "sau uku", *on the occasion of his installation* kuwa "albarkacin naɗinsa" ne ko "a lokacin naɗinsa". In aka ce *it was a great occasion*, ana nufin rana ce da aka girmama, aka yi ado, aka taru. Girgizar ƙasa ba ta zama *occasion* ta wannan ma'ana, domin ba mai sa babbar riga saboda ita. Abin sha'awa ne a lura cewa *occasion* da *incident* da *accident* duk daga fi'ilin Latin guda suka fito mai nufin faɗuwa, Hausa kuma ta bi irin wannan hanya da kanta: "auku" 'yar'uwar "auka" ce, kamar a "ya auka rijiya". Amma zumuncin asali bai hana su rabuwa ba. *Incident* ƙaramin abu ne, yawanci marar daɗi, har jami'an gwamnati su kan fake da ita su rage girman tashin hankali, su ce *a border incident* alhali an yi harbe-harbe. *Accident* haɗari ne ko abin da ba a yi niyya ba. Ɗalibin da ya kira ranar raba kyaututtuka ta makarantarsu *a happy incident* ya ƙasƙanta ranar bai sani ba.

Ɗaliban da suka fara da Faransanci, irin na Nijar da Cadi da Kamaru, suna da tasu matsalar a nan. *Occasion* ta Faransanci "dama" ta ke nufi a mafi yawan lokaci, inda Ingilishi ya fi son *opportunity* ko *chance*. Haka kuma *concours* ɗinsu, watau jarrabawar da a ke ɗaukar waɗanda suka fi maki, *competitive examination* ce a Ingilishi. *Concourse* ta Ingilishi babban zaure ne na tashar jirgi.

Sauran kalmomin, *ceremony* da *celebration* da *festival*, su ne "biki" ya haɗiye, kuma nan ne kuskure ya fi muni, domin yana iya ɓata wa mutane rai. *Ceremony* aiki ne mai tsari sananne, wanda wani mai izini ke gudanarwa, ana bin sa daki-daki. Ba ruwanta da murna ko baƙin ciki, tana kuma iya ƙarewa cikin minti goma. *Celebration* ita ce murnar. Abin mamaki shi ne Hausa ta riga ta yi wannan rabon da kanta, malamai ne ba su amfani da shi. Kowane yaro ya san ɗaurin aure dabam biki dabam: na farko waliyyai da shaidu da liman ne, a ambaci sadaki a shafa fatiha, na biyu kiɗa ne da abinci da 'yan'uwa. Ya san raɗin suna da asuba dabam, taron mata da rana dabam. To, na farko a kowane shi ne *ceremony*, na biyu *celebration*, walima kuwa *feast*. In aka koya wa yaro haka ba zai sake rikita su ba. In kuwa aka ce masa *ceremony* biki ce, wata rana zai zama mai fassara a gidan rediyo, ya ga *funeral ceremony* ya karanta "bikin jana'iza" ga mutanen da a wurinsu jana'iza salla ce da binnewa da zaman makoki. "Jana'iza" kaɗai ta isa.

*Festival* sharaɗinta biyu ne: ta al'umma ce gaba ɗaya, kuma tana dawowa bisa lokacinta. Salla *festival* ce, auren wane ba *festival* ba ne komi yawan jama'ar da ta taru, don haka *marriage festival* da a kan gani a rubutun ɗalibai kuskure ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda a ke danganta farkonsa na zamani da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, ya isa darasi guda shi kaɗai. Taron duka *festival* ne. Buɗe shi da jawabai *ceremony* ce. Faɗawar masunta cikin Matan Fada don a ga mai kama kifi mafi nauyi *competition* ce. Tseren kwalekwale *race* ne. Kowace kokawa tsakanin mutum biyu *bout* ce ko *contest*. Kowane ɗaya daga waɗannan, in an duba takardar tsarin taron, *event* ne. Bahaushe yana iya ba da labarin duka da "biki" da "gasa" ba tare da ya ɓatar da kowa ba; mai Ingilishi ba shi da wannan sauƙin.

Haka abu guda ke sake suna gwargwadon inda mai magana ya tsaya. Da tsakar daren 30 ga Satumba 1960, a filin sukuwa na Ikko, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya: wannan *ceremony* ce. Kaɗe-kaɗe da wasan wuta da aka yi a garuruwa *celebrations* ne. Wanda ya halarta yana ba jikokinsa labari zai ce *a great occasion*. Mai rubuta tarihi zai ce *an important event*. Dawowar ranar 1 ga Oktoba kowace shekara *anniversary* ce, kalmar da a Latin ke nufin juyowar shekara. Ba ɗaya daga cikinsu da ta yi ƙarya, ba kuwa ɗaya da za ta zauna a gurbin 'yar'uwarta.

Game da koyarwa, hanyar da ta fi amfani ita ce wadda ta fito daga ra'ayin J. R. Firth na Jami'ar Landan, wanda ya rasu a 1960, cewa wani sashe na ma'anar kalma yana cikin kalmomin da ta saba zuwa tare da su. Kada a ba ɗalibi sunan shi kaɗai, a ba shi da fi'ilinsa: *play a match*, *run a race*, *enter a competition*, *defend a championship*, *perform a ceremony*, *mark an occasion*. Wannan ya fi muhimmanci ga Bahaushe fiye da waɗansu, domin fi'ili biyu na Hausa suna ɗaukar nauyin da Ingilishi ya raba wa goma. Na farko "yi": an yi wasa, an yi gasa, an yi tsere, an yi biki. Ɗalibi sai ya kwaso *do* ko *make* ya liƙa ko'ina, ya rubuta *we did a match*, ko kuwa ya bi "wasan tsere" ya rubuta *we played a race*. Na biyu "ci": an ci wasa, an ci kofi, an ci abokan karawa. Ingilishi yana cewa *win* ga wasan da kofin, amma *beat* ga mutanen. *We won them* da a ke ji a filayen makarantu fassarar "mun ci su" ce kai tsaye, ma'anarta kuwa a kunnen Bature ita ce an ba su mutanen a matsayin kyauta. Jan layi da jar tawada ba ya kashe irin wannan kuskure. Sai malami ya rubuta jimlar Hausar a allo, ya nuna wa ɗalibi daga inda tasa ta fito, sa'an nan ya gane cewa ba rashin hankali ya yi ba, ƙa'idar wani harshe ya bi.

Waɗanda za su yi aikin fassarar labarai suna bukatar ƙarin gargaɗi kan ƙananan kalmomi biyu da ke yawo cikin wannan fage, watau *tie* da *draw*. Duka biyu suna iya nufin kunnen doki, kuma ma'anar da ɗalibi ke fara koya ke nan. Amma a Ingila *cup tie* karawa ce ta gasar cin kofi, ko da an tashi biyar da nema. An kira ta haka ne don an ɗaure ƙungiyoyin biyu wuri ɗaya. *The draw* kuma, in ta zo kafin a fara gasa, ƙuri'ar da a ke jefawa ce don a san wa zai kara da wa. Jimla irin *the draw for the third-round ties* ba ta ƙunshi canjaras ko ɗaya ba, ko da ya ke kalmomin biyu suna cikinta: ƙuri'ar haɗa karawar zagaye na uku ce, a lokacin kuwa ba a ko taɓa ƙwallo ba tukuna.